Hoton Cikin da Ya Maƙale a Bayan Waca

Aikin da na fara samu bayan na gama karatun ordinatar, wato kwamfuta, a Damagaram, a Magarya ne, wajen wata ƙungiya mai taimaka wa ƙananan asibitocin karkara. A kowane asibiti sun kafa wata na'ura da girmanta bai wuce akwatin rediyo ba, da eriya a kan dogon ƙarfe, da batir mai cin hasken rana. Idan ungozoma ta duba cikin mai juna biyu da na'urar eko mai nuna abin da ke cikin mahaifa, hotunan sai su faɗa cikin wannan akwati, shi kuma ya riƙa tura su ɗaya bayan ɗaya zuwa ga wata likita a Damagaram. Wanda ya riga shiga shi ke riga fita. Ni nawa aikin shi ne in tabbata akwatunan nan suna numfashi, daga teburina a biro, wato ofishinmu.

Hanya biyu ake shiga akwatin daga nesa. Ta farko, ka buɗe shi a allonka kamar kana zaune a gabansa: ga dosiyoyi, wato jakunkunan ajiya, masu launin ɗorawa, ga hotuna, ka kama suri, ɗan linzamin nan mai motsa kibiya a allo, da hannu ka danna abin da kake so. Ta biyu wata baƙar taga ce, babu komai a cikinta sai wani ɗan layi mai ƙiftawa. Kai za ka rubuta umarni harafi bayan harafi, ita kuma ta amsa da rubutu, ko ma ta yi shiru. Duka biyun an koya mana a makaranta, kuma na ci jarrabawarsu. Amma ta farkon nake so, kuma ina jin ba don lalaci ba ne. Ita tana tambaya. Kafin ta share abu sai ta tsaya ta ce, ka tabbata? Ni kuwa mutum ne mai son a yi masa wannan tambaya, don ko ƙofar ɗakina na kulle sai na dawo daga bakin titi na sake girgiza kwaɗon. Baƙar taga ba ta tambayar kowa. Abin da ka rubuta shi take aikatawa, ko da ba shi kake nufi ba.

Shef ɗina, wato shugabana a wurin aiki, wanda ya kafa akwatunan, ba ya taɓa suri. Yakan leƙo ta bayana ya ce, "Ƙanena, hoton allo kaya ne mai nauyi, rezon ƙauye ba ya ɗaukarsa." Sai in ce to. Da rani rezon, wato layin sadarwar, yana ɗauka, a hankali dai, kuma ban ga laifin jira ba.

Ranar da nake son faɗa a tsakiyar damina ce. An yi kwanaki rana ba ta leƙo ba, gero ya kai ƙirji, hanyoyin ƙasa duk sun jiƙe. Shef yana Yamai wajen wani taro, wayarsa a kashe. Da hantsi wayata ta yi ƙara. Ungozomar wani ƙaramin asibiti ce a bayan Waca, dattijuwa ce da kowa ke ce wa Tanti. A ƙauyen nan waya ba ta kamawa sai mutum ya hau wani tudun yashi a bayan asibitin, kusa da wani gawo, kuma ko a can wani lokaci sai ta tsallake ta kama rezon Najeriya. Saboda haka duk lokacin da na ji muryar Tanti, na san ta bar mara lafiya ne a ɗaki ta hau tudu.

"Ɗan ordinatar, kana ji na? Akwatin nan naka mutuwa ya yi ko barci yake?"

"Tanti, ina kwana. Ina jin bai mutu ba, don ɗazu na ga kamar..."

"Ajiye gaisuwar. Ina da mace a kan gado, cikin wata takwas, tana zubar da jini. Tun safe na duba ta, na sa hotunan, likita ta ce ba ta ga komai ba."

Ta yi mini bayani da sauri, iska tana yanke maganar. Tana zargin mabiyiya ce ta sauko ta tare bakin mahaifa, amma ba ta tabbata ba, don horon eko na ɗan lokaci aka yi mata. Idan haka ne, dole a kawo ta Magarya a yi mata aiki, in ba haka ba jinin zai iya tafiya da ita. Idan kuma ba haka ba ne, girgizar amalanke a wannan hanya na iya janyo abin da ake gudu. Kwarin da ke tsakaninsu da babbar hanya ya cika, mota ba ta ƙetarewa. Sai dai a kawo ta da amalanken shanu har bakin ruwa, maza su ɗauke ta su haye, ambilans na jira a wancan gefe. Manyan gidan mijin sun ce ba za a motsa ta ba sai babbar likita ta gani da idonta. Ambilans ɗin ma ba a sakinta sai da maganar likita.

Na ce, "Ba za a iya sake ɗaukar hoton ba, ko da..."

"Da wace wuta? Eko ya mutu tun ɗazu. Batirin akwatin ma ya soma kuka. Ɗana, abin da ke ciki shi ke nan, babu wani."

Ta kashe.

Na yi abin da na saba. Na buɗe hoton allon akwatin. Sai wani siririn layi shuɗi ya fito daga sama, ya sauko kamar faɗin yatsa, ya tsaya. Sauran allon toka-toka. Na jira. Na motsa suri, kibiyar ba ta motsa ba. Can sai aka rubuta mini cewa layi ya katse. Na sake buɗewa, wannan karon ya sauko har na hango saman dosiye ɗaya, sannan ya daskare. Na rage launi, na rage girman hoton, duk dabarun da na sani na yi. Bai canja komai ba.

A nan ne shofan ambilans ya shigo. Babban mutum ne, sa'an mahaifina, an gaya masa ya zauna cikin shiri. Ya ja benci ya zauna, yana kaɗa makullai a yatsa.

"Injiniya, ga mota, ga mai, ga ni. An ce kai kaɗai ake jira ka haihu."

"Baba, ina ƙoƙari. Rezon ne ba shi da ƙarfi, ina jin saboda hadarin ne, ko kuma..."

"Ni dai ruwan kwarin can na sani. In aka ƙara wani a gabas, ko raƙumi ba zai haye ba."

Na koma kan allo. Ina kallon layin nan shuɗi sai wani tunani ya zo mini. Hanyar da hoton allon yake biyowa ya zo wurina, ita ce dai hanyar da hotunan matar za su bi su je Damagaram. Babu wata. Duk buɗewar da nake yi, ina tare musu ɗan wurin da ya rage ne. Na rufe da sauri.

Na buɗe baƙar tagar.

Ta nemi lambar sirri. A nan idan kana rubuta ta ba ka ganin komai, ko ɗigo. Na rubuta, ina kiran kowane harafi a zuciyata, na danna. Shiru. Na ɗauka na yi kuskure, har na kai hannu zan sake, sai ga ɗan layin ya ƙifta. Na shiga. Abin da hoton allo ya kasa tun hantsi, 'yan haruffa sun yi shi.

Amma haruffan ma da ƙyar suke tafiya. Sai in danna harafi, in ɗaga yatsa, in yi numfashi, sannan ya bayyana. Na rubuta umarnin da ke nuna abin da ke jiran a tura shi. Sunayen suka soma fitowa layi-layi, dogayen lambobi ne masu kama da juna, kowanne da nauyinsa a gefe. Na ƙasa ƙanana ne, na yau, su ne na matar. Na sama kuwa, wanda akwatin ke fama da shi, ya fi su duka a haɗe nauyi nesa ba kusa ba, kuma tun shekaranjiya yake wurin.

Na gane shi. Bironmu ne ya ce a ɗauki fim ɗin mata suna koyon dama kunun yara da gyaɗa da wake, a aiko don rahoto. Malamin asibitin ya ɗauka, ya kama shi da suri ya ja ya saki a dosiyen turawa, yadda aka nuna masa. Da suri, jan babban abu da jan ƙaramin abu duk ɗaya ne a hannu. Ga shi fim ɗin kunu ya tsaya a ƙofa, a bayansa mace tana zubar da jini.

Shofa ya miƙo wuya. "Ka kashe talabijin ɗin kuma? Mene ne wannan, allon makaranta?"

"Na ga abin da ya tare hanya, Baba."

"To ture shi mana."

Da faɗa da sauƙi. Akwai umarnin sharewa, gajere ne ƙwarai, kuma shi ne nake tsoro tun ina makaranta. Lamba ɗaya in na kuskure, hoton matar zai tafi, babu kwandon shara da zan je in tono shi. Na zauna ina kallon sunayen. Na ce a raina ba zan share komai ba, zan dai ɗauke shi in ajiye a gefe. Amma kafin a ɗauke sai an tsayar da mai turawar, kada ya riƙe shi. Na rubuta umarnin tsayarwa, na karanta shi da yatsa a kan allo, na sake karantawa, na danna.

Tagar ta daskare. Ɗan layin ya daina ƙiftawa.

Ban san ko umarnin ya isa ba. Idan ya isa, to na tsayar da turawar gaba ɗaya, kuma ga ni a waje ba ni da hanyar tayar da ita. Ɗazu ana tafiya ko da rarrafe ne, yanzu da hannuna na tsayar. Na danna, na danna, babu amsa. Na ji ana kiran azahar a masallacin kasuwa kamar daga wani gari. Bakina yana ta Innalillahi ban san na fara ba. Na kira shef, a kashe. Na sake kiransa, alhali na san a kashe take.

Wayata ta yi ƙara. Tanti ce, tana haki daga hawan tudu.

"Ina ake ciki?"

"Tanti, na gano matsalar, amma ban tabbata ba ko..."

"Kada ka ce mini ba ka tabbata ba. Ni ma ban tabbata ba, shi ya sa nake nemanka. Mun yi yawa, marasa tabbas. Na sa mata ruwa a jijiya, zane na biyu ya jiƙe. Kukan batirin ya ƙaru."

"Ki kashe fitila da fanka da allon da ke kan tebur. Akwatin kaɗai za ki bari. Don Allah kada ki taɓa jar wayar da ke ba shi wuta."

"Fanka? Wa ya ga fanka tun makon jiya? To, na ji."

Na rufe tagar, na buɗe sabuwa. Garin sauri na kuskure lambar sirrin, ta ƙi ni. Na sake a hankali. Ta karɓa. Sai na ga haruffan suna fitowa daidai da yatsana, babu jinkiri. Ashe umarnin ya isa, fim ɗin ya saki hanya. Na rubuta umarnin ɗaukewa, na kwafi dogon sunan lamba bayan lamba, ina faɗa a fili, shofa yana kallona kamar mai karatun tsari. Na danna. Ba ta ce komai ba. Haka take, idan ta yi aiki shiru take yi. Na sake neman jerin. Fim ɗin ya fita daga layi, hotunan matar suna nan cif.

Saura in tayar da turawar. A nan na tsaya. Hotunan suna da ɗan yawa, batirin kuma ban san abin da ya rage masa ba. In na bar su yadda suke, na farkon ɗauka zai fara tafiya, wataƙila shi kaɗai zai wuce. Wanne ne ke nuna abin da likita take bukata? Da a hoton allo ne da na buɗe na duba, ko da ban iya karanta eko ba. A nan lambobi ne kawai da lokacin da aka ɗauka. Na kira Tanti. Wata murya ta amsa da Turancin Ingilishi, alamar wayarta ta tsallake iyaka ko ta sauka daga tudu. Na sake, haka dai.

"Injiniya," in ji shofa, wannan karon babu wasa a muryarsa, "gabas ta yi baƙi."

Na yi tunani kamar haka, kuma har yau ban ce tunanin ba shi da rami ba. Mai neman abu yana ta dubawa ne har ya gani, in ya gani sai ya tsaya. Tanti ta ɗauka, ta sake ɗauka, sannan ta daina. Mai yiwuwa ta daina ne don ta ga abin da take nema. Mai yiwuwa kuma wutar eko ce ta ƙare mata. Babu wanda zan tambaya, kuma babu wanda zai tambaye ni. Na ɗauke sauran na ajiye a gefe, na bar na ƙarshen shi kaɗai a layi, na tayar da turawar.

Shiru kuma. Babu koren layi mai cika a hankali, babu abin da ke juyawa. Baƙin allo da ɗan layi mai ƙiftawa. Na ga hannuna na dama ya tafi kan suri da kansa. Ina son in gani. Ina son in buɗe hoton allon ko sau ɗaya, in ga da idona cewa yana tafiya, tunda yanzu hanya ta buɗe, wataƙila zai ɗauka. Na san in na buɗe zan raba hanyar biyu da hoton matar. Na sani sarai, amma yatsana yana kan maɓallin. Sai na bi wayar surin na zare ta daga bayan ordinatar, na jefa shi cikin aljihun tebur na rufe.

Na riƙa neman jerin da 'yan haruffan nan, su ba su da nauyi, in ga ko hoton ya tafi. Yana nan. Na sake. Yana nan. Shofa ya tashi ya yi sallarsa a gefen ƙofa ya dawo, yana nan. Na sake nema, sai jerin ya fito babu komai.

Na mayar da sauran hotunan layi da sauri, sannan na kira likitar da wayar biro. Ta ɗauka ana hayaniya a bayanta.

"Dokta, daga Magarya ne, hoton matar bayan Waca, ina jin ya iso, in ba..."

"Tsaya." Na ji tana tafiya, na ji an ja kujera. "Guda ɗaya ne?"

"Sauran suna hanya."

"Ba sai sun zo ba. Mabiyiya ce, ta rufe bakin gaba ɗaya. Ku ɗauko ta yanzu. Ka gaya wa ungozoma kada ta sa hannu ta duba ta, ko kaɗan."

Ina juyowa na ga tagar ta daskare. Wannan karon ba ta dawo ba, batirin ya ƙare. Shofa ya riga ya kai ƙofa, amma ya tsaya, don zuwansa banza ne in ba a kawo ta bakin ruwa ba. Na roƙi likita kada ta ajiye. Na riƙe wayar biro a hannu ɗaya, tawa a ɗaya, ina kiran Tanti, ana amsa mini da Ingilishi. Ban san sau nawa ba. Can ita ta kira.

"Tanti, likita ta gani! Ta ce a kawo ta, kada ki sa hannu!"

"Alhamdulillahi. Ga baffan mijin nan ya biyo ni tudu, ya ce shi da kunnensa zai ji."

Na haɗa wayoyin biyu baki da kunne, na riƙe su a tafin hannu kamar mai ɗauke da ƙwai. Na ji likita tana cewa, "Baba, ni ce likitar. Na ga cikin 'yarku. In ta kwana a nan ba za ta kai gobe ba." Na ji iska, na ji tsohon ya yi gyaran murya. Sannan ya ɗaga murya, ba da mu yake ba: "Kai, a ɗaura shanu!"

Shofa ya fita da gudu irin na tsofaffi.

Daga nan ba ni da sauran aiki, kuma wannan ya fi komai wuya. Na rama azahar, na yi la'asar, ban san abin da na karanta ba. Aka soma yayyafi. Na tafi babban asibiti na tsaya a ƙarƙashin rumfar masu jinya ina kallon ƙofa. Rana na gab da faɗuwa ambilans ta shigo, taɓo har tagogi. Aka fito da ita an lulluɓe ta da bargo, tafin ƙafarta kawai na gani, fari fat. Shofa ya sauko, wandonsa a jiƙe har cinya.

"Ruwan ya kai mana nan," ya nuna ƙugunsa. "Tana magana dai. Ta tambayi wa zai ba awakinta ruwa."

Na zauna a benci kusa da wani saurayi mai taɓo a ƙafa, yana ta murza hularsa. Mijin ne. Ya dube ni ya ce, "Malam, kai ma taka ce a ciki?" Na ce a'a, jira kawai nake. Ya ce Allah ya ba naka lafiya. Na ce amin. Bayan magariba wata malamar asibiti ta fito ta ce uwar tana da rai, an ƙara mata jini, an samu 'ya mace, ƙarama ƙwarai, sai an ga yadda za ta yi. Saurayin ya faɗi ya yi sujada a kan simintin nan mai jiƙe.

Da rana ta fito bayan kwana biyu, akwatin ya farfaɗo ya tura sauran hotunan da kansa. Likitar ta kira don wata magana dabam, a ƙarshe ta ce, "Af, na ga ragowar na matar nan. Duk hazo ne, ba a ganin komai. Da su suka fara zuwa da na ce a sake ɗauka."

Na ce to, na gode, Dokta. Na ajiye wayar. Abincin rana yana gabana a kan tebur, shinkafa da wake, ban iya ci ba.